Shekarar da Na Kafa wa Inna Rumfa

Ku ɗiyana, tun kuna ƙanana kuke jin mutanen Belbeji suna kirana Isuhu Dirka, kuma na san akwai wanda ya sha dambe a lakwal, wato makarantar boko, saboda sunan nan. Kai Sani, har yau tabon yana nan a girarka ta hagu. Kun sha tambayata mafarin abin, ni kuwa sai in yi dariya in ce ai kowane namiji da laƙabinsa. Alkawari ne ya ɗaure mini baki shekara da shekaru, kuma wanda na yi wa alkawarin, wato wana, Baba Mati naku, shi da kansa ya kwance ni kafin Allah ya karɓi abinsa. Yana kwance ya riƙe mini hannu ya ce:

"Isuhu, in na tahi ka gaya wa yara. Kada su tashi da zaton ubansu bai iya aiki ba."

To, ga shi zan faɗa. Amma ku karanta da hankali, don ba na son ɗayanku ya gama ya ga baƙin mutumin da ya yi mini aure, ya kuma yanka ragon sunan uku daga cikinku.

Mu biyu ne muka rayu a ɗiyan Inna, ni da Yaya Mati, sauran duk sun koma tun suna goye. A wani ƙauye kusa da Gangara aka haife mu, gidan maƙera. Da mahaifinmu ya rasu, Yaya ya ce shi kam ba zai ƙare rayuwarsa a gindin zuga-zugi ba, ya bi fataken dabbobi. Allah kuwa ya buɗa masa, har ya zama in ana zancen manyan kasuwar dabbobi ta Belbeji sai an ambaci sunansa. Ni ƙarfe ya ƙi sakina. Na tafi Damagaram na koyi walda wajen wani dattijo, Malam Garba, mutum mai faɗan tsiya amma hannunsa da albarka. A wajensa na fara ganin shebil. Ku da kuka zaɓi biro, bari in gaya muku ko mece ce. Ƙusa ce mai zare, sanye da rigar ƙarfe mai tsagu. Sai ka huda bangon siminti da inji daidai kaurinta, ka hure garin da ya taru a ramin, ka buga ta ta shige, sannan ka kama kile, wato sufana, ka dinga ɗaurewa. Kana ɗaurewa daga waje, gindinta na jawowa daga ciki, rigar na buɗewa tana cizon bangon, har ta kai ko jaki ka rataya ba za ta yi gezau ba. Da ita ake kafa ƙofar ƙarfe da taga da tankin ruwa. Ranar da na fara jin kile ya tsaya cak a hannuna, shebil ta kama, daɗin da na ji har yau ban manta shi ba.

Sai dai Malam Garba kullum maganarsa ɗaya ce, ƙarfin ba na shebil ba ne, na bango ne. Ba a sa ta dab da gefe, bangon zai tsage. Ba a sa ta a ɗanyen siminti. Kuma kafin komai, ka tara hannunka ƙarƙashin ramin ka dubi garin da ke zubowa. In toka-toka ne mai kaushi, ci gaba. In launinsa ya sauya, kashe inji. Ya taɓa kwaɗa mini mari sai da na ga wuta, don ina huda ina kallon wata mai tallar fura. Tun daga ranar, ko cikin barci aka miƙo mini inji sai na tara hannu.

Da na komo Belbeji, ni ne na farko da ya zo da injin huda bango. Ban ɓoye muku ba, na yi girman kai. In na kunna gurup, wato janareto, injin ya ɗauki kuka, mutane kan bar shayinsu su zo kallo, ni kuwa in ƙara gyara tsayuwa. Uwarku Zuwaira takan ce da ma yadda nake shafa injin nan da tsumma haka nake kula da ita, da ta fi kowace mace haske a unguwa.

A lokacin Inna tana can ƙauye cikin tsohon ɗakinta, kowace damina sai an tara kwanoni saboda yoyo. Abin yana damun Yaya ƙwarai. Kun san al'adarmu, shi ne ɗan fari, Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta taɓa yaba masa a gabansa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce mini "wanka", ko ta ce "wancan". Ni auta, ni ake wasa da dariya da ni. Shi kuwa duk abin da yake yi a duniya, a ganina, yana yi ne don wata rana ya ji ta ce madalla. Wata ranar kasuwa, a gaban jama'a, abokinsa Alhaji Bukar, wanda bai daɗe da gama gidansa na bulo ba, ya tsokane shi cewa yana shiga manyan riguna uwarsa na kwana cikin ruwa. Yaya ya miƙe ya yi rantsuwa cewa kafin shekara ta zagayo zai gina wa uwarsa gidan bulo a Belbeji, siminti tun daga tushe har sama, ba ko ɗigon laka. Kowa ya ji. Baki shi ke yanka wuya, haka mutanen da suka ce.

Ya fara da katanga, ya zagaye filin da bulo mai kyau, ya sa ƙyaure. Daga nan damina ta yi gardama. Ciyawa ta yi ƙaranci can arewa wajen Tenhya inda makiyaya ke riƙe masa dabbobi, da yawa suka faɗi, waɗanda suka rage ba mai taya su. Ni duk ban san zurfin abin ba, don a watannin nan ina Tanout, na samu aikin kafa ƙofofi da tagogi a wasu azuzuwa. Da na komo na iske gida ya tashi, ɗaki biyu da falo, an shafe shi sumul da siminti, an yi masa farar ƙasa, yana ɗaukar ido. Na ji mutane na cewa sun ga amalanken jakuna suna shiga da tubalin laka, amma Yaya ya ce na garken awaki ne da madafa. Magina kuwa baƙi ne, sun gama sun koma garinsu.

Nawa rabon a hidimar shi ne rumfa. Inna ba mai zaman ɗaki ba ce, wuni take a waje tana ɓarar gyaɗa ko kaɗi, jikoki na hawa kanta. Yaya ya taɓa ganin wata rumfa a Damagaram, a ƙofar wani kanti, wadda ba ta da dirka ko ɗaya, an maƙala ta a bango ta miƙo kamar bakin malafa. Ya ce irinta yake so, don dirka ta ƙauye ce, kowace tsohuwa tana da ita. Na yi kwana goma sha wani abu ina ƙera ta. Ƙarfe mai kauri na sa, da fallen kwano biyar, sai maza huɗu ke iya ɗaga ta. Shebil takwas za su riƙe ta a bangon ɗakin Inna. Kun kuma san iskar farkon damina a nan ƙasarmu ta Damargu, in ta shiga ƙarƙashin kwano ba danna shi take ba, ɗaga shi take, ta saki, ta sake ɗagawa. Duk wannan wahalar bango ne zai sha ta.

Ranar da za a kafa, Yaya ya gayyaci abokansa bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan, aka ɗora shayi, Alhaji Bukar ya zo da babbar riga har da ƙamshi. Na auna, na ɗiga alama takwas da gawayi, na hau tsani, aka tayar da gurup. Na dafa inji a alamar farko, na tara hannun hagu kamar kullum. Garin ya fara zubowa toka-toka, injin na turjiya yadda ya kamata. Da ya shiga kamar kaurin yatsa biyu, sai na ji ya zurma gaba ɗaya kamar an soka tsinke a tuwo. Na dubi tafin hannuna. Jar ƙasa ce, mai laushi, har da ɗan guntun ƙaiƙayi a ciki.

Nan take na gane komai. Bangon laka ne, an yi masa shafe mai kauri. Na dunƙule hannun na tura a aljihu, na kashe inji, na sa kafaɗa na kare ramin. Da na waiwayo ƙasa, Yaya yana tsaye da kofin shayi, yana kallona, fuskarsa ta yi fari fat. Shi bai san aikin ba. Daga baya ya gaya mini cewa shi ya ce wa magina su ƙara kaurin shafen a wannan gefen, a zatonsa hakan ya isa ya riƙe ƙusoshina. Amma shebil a laka ba ta da abin cizo. Za ta shiga, za ta ma yi kamar ta kama, rumfa ta tsaya wata ɗaya ko biyu, kowa ya yaba. Ranar da iska ta zo, ta fizgo shafen gaba ɗaya, ƙarfe da kwano su sauko a kan duk wanda ke ƙasa. Wanda ke ƙasa kuwa uwata ce.

Ina kan tsanin nan, gaba kura baya sayaki. In na kafa, na rataya wa Inna ajali a ka. In na buɗe hannu, na tsiraita wana a gaban mutanen da ya yi wa rantsuwa, kuma ɗan kasuwar dabbobi in aka ce maganarsa ba ta tsayawa, ya gama. Alhaji Bukar ya ɗago kai ya ce:

"Yaya dai, Isuhu? Mun zo kallo ka kashe mana inji?"

Na ce, "Alhaji, bangon ya ƙi huduwa. Inji ya kasa ci."

Ban shirya maganar ba, ita ta fito da kanta. Alhaji Bukar ya bushe da dariya har yana dukan cinya.

"Kai jama'a! Bangon Mati ya gagari injin Damagaram! Mati, wane irin siminti ka zuba haka? To kai Isuhu, shekarun da ka yi can mi ka koyo, cin ƙosai?"

Wurin ya kaure da dariya. Na ga jini ya komo fuskar Yaya. Ya yi dariya shi ma, ya ce ai ya gaya wa magina kada su yi masa wasa da siminti. Na kwaɓa ɗan siminti a murfin gwangwani na toshe ramin da babban yatsa, na sauko, na naɗe wayata. Ba wanda ya miƙo mini shayi.

Washegari uwarku ta zo wanki, ta zazzage aljihun wandona, jar ƙasa ta zubo a kan dutsen wanki. Zuwaira ɗiyar magini ce, ba a yi mata burga da bango. Ta murza ƙasar a yatsa, ta sunsuna, ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam, wannan daga ina?"

Na ce, "Ƙasa ce. Garin nan ƙasa ta ƙare ne?"

"Jiya tun magariba mata ke shigo mini suna yi mini jaje, wai injinka ya mutu a hannun bangon Yaya. Ashe bangon ne..."

"Zuwaira, in maganar nan ta hita ƙofar gidan nan, daga bakinki ta hita, don ni ban faɗa ba."

Ta kakkaɓe ƙasar daga hannunta. Sannan ta ce ita ba za ta faɗa ba, amma in sani ba ni kaɗai zan sha kunyar ba, har da ita da yaranta. Gaskiya ta faɗa. Ta kuma riƙe amanar har ta koma ga Allah, ko ƙanwarta ba ta gaya wa ba. In kuna yi mata addu'a ku sa da wannan.

Na ɗauka magana ta mutu a nan, za a bar rumfar. Kwana uku sai na ji wai Yaya zai ɗauko wani mai inji daga Tanout ya kafa ta. Abokansa ne suka matsa masa, shi kuma ba ya da hanyar cewa a'a. Na san irin yaran nan, a biya su su ɗaure su tafi, launin gari bai dame su ba. Ranar kasuwa na bi Yaya har wurin dabbobi, na jira ya gama cinikin wani bijimi, na ja shi gindin wata aduwa nesa da mutane.

Na ce, "Yaya, kada ka kawo kowa. Bangon nan ba zai riƙe rumfa ba."

Ya ce, "Kai ka kasa, sai ka hana wani?"

"Yaya, na ga abin da ke ciki. Yana cikin aljihuna na sauko da shi."

Ya dubi ƙasa, yana tona ta da sandarsa. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na zaci zai yi kuka, ashe fushi ne.

"To ka gani. Sai mi? Ka je ka hau hasumiya ka yi shela. Ka san dabba nawa na binne a Tenhya? Ka san abin da na sayar kahin in rufa ɗakin nan? Kana can Tanout kana huda bangon gwamnati!"

"Ban zo tona maka asiri ba. Inna ce za ta zauna a ƙarƙashi, ita da yara."

Da na ambaci Inna sai kafaɗunsa suka sauka. Ya ce to me nake so a yi. Na ce ya bar ni in kafa ta a kan dirkoki, ta tsaya da ƙafarta, kada ta taɓa bango. Ya ce mutane za su tambayi dalili. Na ce a ce musu ni ne na kasa, ai sun riga sun yarda. Ya juya mini baya ya ce:

"Yi yadda ka ga dama. Amma ka yi mini alkawari, ko Inna ba za ta ji ba."

Na yi masa. Ya tafi bai waiwayo ba.

Aikin da na yi wa rumfar nan, ban taɓa yin wanda ya fi shi kyau ba, kuma ba wanda aka taɓa yi mini dariya a kansa kamarsa. Na haƙa ramuka huɗu, kowanne har gwiwa, na zuba kankare da tsakuwa mai kyau. Na yi kwanaki ina zuwa safe da yamma ina ba shi ruwa, na ƙi taɓa shi sai da ya ƙeƙashe sarai. Sannan na huda shi, garin na zubowa toka-toka tun daga farko har ƙarshe, na sa shebil huɗu-huɗu a ƙafar kowace dirka ta ƙarfe, na ɗaure har kile ya tsaya. Na bar tazarar tafin hannu tsakanin rumfar da bango, na rufe ta da ɗan fallen kwano don ruwa. Ita ce wadda kuka yi wasa a ƙarƙashinta, har kuna lilo a jikin ƙarfenta ina kora ku. Alhaji Bukar ya zo ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa dirka ɗaya da zobensa, ya ce ashe Damagaram na tafi koyon kafa dirka, abin da kakarsa ke yi da icen ƙirya ba tare da gurup ba. Kafin sati sunan ya bi gari.

Sunan bai zo shi kaɗai ba. Wasu shaguna da Alhaji Bukar ya yi niyyar ba ni aikin ƙofofinsu, wani daga Tanout ya yi su. Duk mai ƙofar da za a kafa sai ya ce a nemo wanda injinsa ke ci. Na koma gyaran amalanke da ƙera garma, ina bin kasuwannin ƙauye har Gangara. Ba mu kwana da yunwa ba, Alhamdu lillahi, kuma daga baya aiki ya komo har ya fi da, don ƙofofin da na kafa suna nan, na wasu kuwa sun fara girgiɗi. Wannan duk bai ci mini rai ba. Abin da ya ci mini rai shi ne Yaya. Tun muna yara akushi ɗaya muke ci, ko bayan da kowa ya yi iyali, bayan magariba a zaurensa muke haɗuwa. Daga ranar aduwar nan ya daina aiko a kira ni. In mun haɗu a masallaci, gaisuwa ce ta baƙi, ya saki hannuna da sauri. Na yi zaton zai gode mini, ashe mutum ba ya son ganin wanda ya san inda rigarsa ta yage. Wata rana a wurin ɗaurin aure, ana raha, na ji da kunnena ya ce, "Ku tambayi Dirka." Na tashi na bar wurin. A hanya na yi kuka, ni da gemuna, kuma na yi fushi da shi fushi mai tsanani, har na raya a zuciya in koma in faɗi komai. Abin da ya hana ni, na san in na faɗa ba zan samu wana ba, sai dai in rasa shi gaba ɗaya.

Inna ta tare gab da faɗuwar damina. Ta shiga ɗakunan ta fito, ba ta ce komai ba, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta zauna. Nan ta mai da wurin zamanta. Nakan zo gaishe ta da hantsi, lokacin da na san Yaya yana kasuwa, shi kuma yakan zo bayan na tafi. Muna zaton dabara muke yi. Sau biyu tana tambayata ko lafiya ba ta ganinmu tare, ina cewa aiki ne ya yi yawa. Sai ta ce, "Uhm," ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Haka muka ci kusan shekara. Da bazara ta kai tsakiya, irin zafin nan da ko kaza ba ta fita rana, sai Inna ta aiko a gaya mini in zo da azahar, kada in makara. Na iske Yaya a can, shi ma kiransa aka yi. Yana zaune a bakin tabarma can gefe, kansa a sunkuye, ni na zauna a ɗaya gefen. Ga akushi ɗaya a tsakiya an rufe da faifai. Inna tana jingine da bangon ɗakinta, ta miƙe ƙafafu, tana fifita da mafici. Kamar yadda ta saba, ba ta dubi inda yake ba, ni ta duba.

"Isuhu, ina da saƙo, ka gaya wa wanka."

Na ce, "To, Inna."

"Ka ce masa, da aka ce mini ya gina mini ɗakin siminti, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Na shiga gidan Bukar na gani, da bazara kamar tanda, tsohuwar gidan sai an yayyafa mata ruwa. Na ce shi ke nan, yaron nan zai gasa ni da raina, kuma ba ni da bakin cewa ba na so."

Ta ɗan bubbuga bangon da bayan hannunta.

"Ranar da na tare, na jingina bayana a nan. Shekara nawa ina jingina da laka? Ko an shafa mata zinariya bayana ya san ta. Na ce Alhamdu lillahi, Allah ya ba shi hankali. Ka ce masa tun daga ranar ban yi salla ba tare da na sa masa albarka a kan bangon nan ba. Madalla da shi."

Na ji wani sauti daga wajen Yaya, kamar wanda ya ƙware. Ya ja hularsa ya rufe fuska. Mutumin da ya shekara arba'in da wani abu yana jiran kalmar nan, ga ta ta zo, kuma a kan abin da yake ɓoyewa. Na ce:

"Inna, ashe kin sani? To mi ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Ku maza kuna ta rufa-rufa, na ce bari in ga iyakar wayonku. Kai ma da ka ƙi rataya mini ƙarfe a ka, ka ɗauka ban san dalili ba? Ni matar maƙeri ce."

Ta ajiye maficin, muryarta ta sauya.

"Saura ɗaya. Ka ce masa na yi shiru shekara guda ina jira ya gyara da kansa, bai gyara ba. Ƙanensa ya tsaya a rana don shi ya samu inuwa. Ba a barin mutum a rana haka. Ni na gaji da cin abinci da ɗa ɗaya da hantsi, ɗaya da yamma."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule, ta bar mu mu biyu.

Ina jin kwanon rumfar yana ƙara don zafi. Can Yaya ya sauke hular, ya share fuska da hannun riga. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ƙi fita. Sai ya jawo buta ya zuba mini ruwa a hannu da kansa, shi da yake wana, ya ɗage faifan, ya turo akushin gabana.

"Sa hannu, Isuhu," in ji shi. "Tuwon na hucewa."